Mai Neman Auren Murya

A layin ’yan yadi na kasuwar Gusau akwai wani dattijo, Alhaji Labaran. Mutumin kirki ne, ba ya tauye awo, ba ya cin naman mutane, sai dai yana fama da ciwo guda: ya yi imani duk faɗin ƙasar nan babu mai kunne irin nasa. Maza da yawa na da irin wannan ciwo. Wani a siyasa nasa ya kama shi, wani a ƙwallo, wani a sanin maganin basir. Na Alhaji Labaran a waƙa ya sauka, kuma ba waƙar yaran yanzu ba, tsofaffin waƙoƙi na zamanin faifai da na wasan kwaikwayo, irin waɗanda in an kunna sai ka ji ƙarƙashin muryar ana ta ƙas-ƙas kamar ana suyar gyaɗa a maƙwabta.

Bayan kantar da yake jera shadda, nan ya ɓoye dukiyarsa ta gaskiya: fayafayai naɗe cikin tsumma, kaset-kaset cikin kwali, da wata tsohuwar garmaho da ya hana kowa taɓawa. In ka shiga sayen yadin wando, Allah ya sa ba ka da sauri. Abin da ya fi yi masa daɗi a duniya shi ne a ce mawaƙa biyu sun rera waƙa ɗaya. Nan zai naɗe ƙafa, ya ture hula baya, ya zama alƙali. Zai gaya maka wanda ya ja numfashi inda bai kamata ba, da wanda ya bari mai gurmi ya riga shi, da wanda ya haɗiye ƙarshen baiti don tsabar kasala. Kuma in ya yanke hukunci ba a ɗaukaka ƙara.

Waƙar da ta fi kowace zama a ransa ita ce Jirgin Laraba. Yana saurayi ubangidansa ya aike shi Ƙaura da dilar kaya, ya iske ma’aikatan reluwe sun shirya wasan kwaikwayo a filin sito. Bai samu wuri a gaba ba, sai ya haye buhunan gyaɗa can baya yana miƙa wuya. Wasan labarin wata amarya ne da mijinta ya tafi ci-rani kudu, ya ce ta tsammace shi a jirgin Laraba. Kowace Laraba tana tasha. Da wasa ya zo ƙarshe, yarinyar da ke yin amaryar ta fito ta tsaya gaban wani baƙin labule da fitila a hannu, gurmi ya taso, murya ta biyo shi:

Jirgin Laraba ya zo, ya juya,
Kowa ya tari nasa ya wuce gida,
Ni mai farar hulata bai sauko ba.

Labaran bai san lokacin da ya zame daga kan buhu ba. Da faifan waƙar ya fito, da hoton yarinyar a jiki riƙe da fitilarta, an rubuta Yelwa a ƙasa, shi ne na farko a layinsu da ya saya. Ya kunna shi har ya cinye, ya sayi wani. Zamanin kaset ya zo ya juye, zamanin waya ya zo aka zuba masa a ciki. Matarsa, Allah ya jiƙanta, ta sha cewa da jirgin nan zai taimaka ya kawo mutumin nan sau ɗaya, da kowa ya huta.

To, bayan wasu shekaru da fitar faifan sai ga wata ta sake rera waƙar a gidan rediyo, ’yan kaset suka kwafa suka baza kasuwa. Ba hoto, ba cikakken suna, sai ’Yar Gulbi da aka rubuta da biro. Ita wannan da kalangu ta zo, da ’yan amshi, muryarta tsaye kyam, tana sauri, tana datse baiti kamar mai yankan kuɓewa. Wannan kaset shi ya zama abokin gabar Alhaji Labaran. Ya saye shi, ya adana shi, ba don so ba, sai don ya riƙa samun abin da zai ajiye kusa da faifansa ya nuna wa jama’a bambancin zinariya da gwangwani.

Karatun nasa kowa a layin ya haddace. Zai kunna faifan Yelwa, ya ɗaga yatsa, ya ce a saurari yadda take jan “ya juya” kamar ba ta son jirgin ya tafi. Zai ce a lura da shirun da take yi kafin “mai farar hulata”, wai nan zuciya ce ta tsaya. Babban makaminsa kuwa yana baiti na ƙarshe, inda muryar ta hau sama sai ta ɗan karye, ta yi rawa, ta dawo. Nan yake rufe ido. Ya ce wannan karyewar ba a koyonta, kuka ne ya shaƙe ta, kuma babu mai iya yin haka sai ’ya mace da ta san zafin jiran namiji. Daga nan ya jefa kaset ɗin ’Yar Gulbi a rediyo yana yamutsa fuska, ya ce ku ji wannan kuma, kamar mai tallan koko da rana ta yi wa, ko mai faɗa da maƙwabciya a kan akuya. Wannan, in ji shi, ko jiran tukunya ta tafasa ba ta taɓa yi ba, balle jiran miji.

Mutum ɗaya ne ba ya zama a ƙare karatun, shi ne amininsa Alhaji Nomau dillalin shanu, wanda kusan kullum tare suke cin abincin rana a shagon. Ƙato ne, gemu har ƙirji, matansa uku, muryarsa kuwa in yana ciniki a kara har bijimi sai ya waiwayo. Mutumin Ƙaura ne, da girmansa ya dawo Gusau. Da an ɗora allura kan faifan Yelwa sai tari ya sarƙe shi, ya hau shafa gemu, can sai ya tuna bai yi alwala ba, ko da kuwa yanzu aka sallame Azahar. Alhaji Labaran ya daɗe da gano dalili: kunnen da ya tashi cikin kukan shanu ba ya jin gurmi.

Wata rana ya ce masa, “Kai da aka yi wasan nan a garinku, ko kunya ba ka ji?”

Nomau ya ce, “Wallahi, Alhaji, ban taɓa zama na kalli wasan nan ba.”

Labaran ya ce ai ga alama nan a jikinsa.

Ana nan, shekara ta zagayo da rasuwar matar Alhaji Labaran, ’ya’ya suka fara yi masa maganar aure yana kaucewa. Ran nan da hantsi wasu dattijan mata biyu suka shigo shagon neman yadin zanen gado. Ɗaya doguwa ce, siririya, idonta ƙyar a kan kaya, ta murza yadi sau ɗaya ta ce wannan wanki biyu zai yi ya koma matankaɗi. Yana cikin kare mutuncin yadinsa sai abokiyar tafiyarta ta kira ta da Hajiya Yelwa. Almakashi ya tsaya a hannunsa. Ya tambaya ko ta Ƙaura ce, ta ce ita ce. Ya tambaya ko ta taɓa riƙe fitila a filin sito. Ta dube shi sama da ƙasa, ta ce an yi haka da ƙuruciya, ya yanka mata yadin dai tana sauri. Mutumin da bai taɓa karkace yanka ba, ranar sai da ya ɓata yadi.

Kafin magariba ya gama bincike. Mijinta ya rasu, ta dawo Gusau gidan ƙanenta a Tudun Wada, tana dambun nama ana saye har daga Sakkwato. Sai dai akwai wani a gaba, Malam Tukur mai kemis, wanda tuni ya fara sintiri da man shafawa na ciwon gwiwa. Wannan bai dami Alhaji Labaran ba. Me mai kemis ya sani? Shi fa ya riƙe muryar matar nan tun kafin mai kemis ya san bambancin kinin da alewa.

Da yake neman aure, ko na tsofaffi ne, yana son ɗan rakiya, kai tsaye ya nufi Nomau. Garinsu ɗaya da ita, wa ya fi shi dacewa? Nomau ya ce yana da shanu a hanya. Labaran ya ce za su jira shanun. Nomau ya ce ƙafarsa na ciwo, Labaran ya ce da keke napep za su. Nomau ya ce shi a ganinsa mata sun yi yawa a Gusau, me ya sa sai wannan? Nan Labaran ya ɓata rai, ya ce in abotar shekaru ba ta kai a raka shi zance ba, to ya sani. Nomau ya shafa gemu ya shafa, ya ce to.

Ranar farko da suka je, a tsakar gida suka same ta kan kujera ’yar tsugunno, da tire a cinya tana tsinke zogale. Ta amsa gaisuwar Alhaji Labaran yadda ya kamata. Da ta juya ga ɗan rakiya sai ta ƙura masa ido, ta ajiye tire, ta sa gefen mayafi ta toshe baki, kafaɗunta na rawa.

Ta ce, “Nomau, ashe kana duniya. Ya maƙogwaro?”

Nomau ya ce da sauƙi, idonsa a ƙasa. Alhaji Labaran ya ji daɗin wannan tambaya ƙwarai. Ka ga mace mai lura, daga zama ta gane mutumin na fama da tari.

Daga nan zuwa ya zama jiki. Ita Hajiya Yelwa mace ce da ta ga jiya, tambayoyinta na masu shirin zama ne. Ta tambaye shi me yake ci da safe, wa ke masa wanki, yana da hawan jini ko babu, ’ya’yansa za su karɓe ta ko za a riƙa yi mata kallon mai jiran gado. Shi kuwa duk inda ta ja zance sai ya komo da shi tasha. In ta ce gidansa da ruwa, sai ya ce ruwa ai shi ne yadda ta zubo baiti na biyu. In ta ce yana minshari, sai ya ce mutumin da ke kwana da waƙarta a kunne ina ya ga ta minshari. Har ta taɓa ce masa, “Alhaji, ni fa ba faifai ba ce, mutum ce mai cin tuwo.” Ya yi dariya ya ce wannan shi ake kira tawali’u.

Ya roƙe ta ta rera masa ko baiti ɗaya, ta ce in ta rera ba zai ji daɗi ba. Ya juya ga Nomau ya ce ya ji ko, manyan mawaƙa haka suke. Wata rana kuma, yana tsakiyar zagin ’Yar Gulbi, ta katse shi ta ce shin ita wannan baiwar Allah ba ta da ko abu ɗaya na yabo? Ya yi tunani na gaskiya, ya ce tana da shi, tana gamawa da wuri. Nomau ya yi tarin da sai da aka kawo masa ruwa.

Duk da haka ba ta kore shi ba, kuma wannan ya kamata a faɗa. Mutumin yana da tsabta, yana da fara’a, in ya yi dariya har cikinsa yake yi, ba kamar mai kemis ba da in ka gaishe shi sai ya tambaye ka launin fitsarinka. Ta ga in aka cire garmaho, abin da ya rage miji ne mai kyau. Amma ƙanenta, wanda shi ne waliyyi, ya matsa ta tsayar da ɗaya, gidansa ba tashar mota ba ce. Sai ta ce wa Alhaji Labaran ya zo Juma’a bayan La’asar, daga abin da suka yi ranar za ta ba ƙanenta suna.

Alhaji Labaran ya kwana biyu yana shawara da kansa, ya fito da dabara. Zai ɗauki garmahon kanta, da faifan, da kaset ɗin ’Yar Gulbi, ya je ya yi mata karatun nan daga farko har ƙarshe, a gabanta, ta ga irin mijin da ya san darajarta. Da Nomau ya ji haka sai da ya zauna. Ya ce don girman Allah ya kai mata turare da dabino, ya yi mata maganar ɗakin da ya sa wa tayil, da rijiyar da ya haƙa, ya bar waƙar nan a shago. Labaran ya ce tayil kowane mai kemis zai iya sawa. Nomau ya ce to aƙalla ya bar ’Yar Gulbi ta huta ranar nan guda. Labaran ya ce fari ba ya haske sai an ajiye baƙi kusa da shi, wannan kowane ɗan yadi ya sani. Nomau ya buɗe baki kamar zai faɗi wani abu, ya dubi aminin nasa, ya dubi mutanen layi da ke kai da komo, ya mai da bakin ya rufe. A ƙarshe shi aka ɗora wa garmahon a cinya cikin keke napep, ya rungume ta kamar mai kai gawa.

Suka same ta inda suka saba samunta, da tirenta na zogale. Ta ga kayan da ake saukewa, ta dubi Nomau, Nomau ya dubi katanga. Aka shimfiɗa tabarma, aka gaisa, Alhaji Labaran ya naɗe hannun riga, ya wana garmaho, ya hure allura, ya ɗora. Suyar gyaɗa ta fara, gurmi ya taso, sai ga muryar nan siririya ta cika tsakar gida. Matan gidan suka leƙo daga ɗakuna. Nomau ya ce bari ya je ya yi alwala, Labaran ya riƙe masa riga ya ce yau kam sai ya ji ta har ƙarshe.

Bai taɓa yin karatun da daɗi kamar na ranar ba. Ya nuna jan “ya juya”, ya nuna shirun, ya ce a nan duk wanda bai ji tsikar jikinsa ta tashi ba ya je asibiti. Da aka zo inda muryar ke karyewa ya ɗaga hannu biyu, ƙwalla ta cika masa ido, ya ce, “Hajiya, nan ne kika kashe ni. Wannan kukan, namiji ko zai shekara dubu ba zai san inda yake fitowa ba.”

Hajiya Yelwa ta ce, “Allah ko?” Ta ci gaba da tsinkar zogale.

Sai ya ɗauko rediyo ya jefa kaset. Kalangu ya ɓarke, ’Yar Gulbi ta shigo da saurinta. Ya bar ta ta yi baiti ɗaya, sannan ya sauke mata kwandon da ya saba, har da ƙari don ranar ta musamman ce. Ya ce mai tallan koko, ya ce mai faɗan akuya. Ya ce wannan da ita ce a tasha, mijin ko ya sauko sai ya koma cikin jirgi. Ya ce murya ce ta macen da ba ta taɓa son kowa ba, kuma yana da tabbacin babu wanda ya taɓa son ta. Nomau ya taka masa ƙafa, ya janye ƙafar ya ci gaba. Sai da ya gaji don kansa ya kashe rediyon, ya gyara zama, yana jiran sakamako.

Ta karkaɗe hannu, ta ce, “Alhaji, tambaya ɗaya gare ni. Ni kake nema, ko muryar da ke cikin faifan nan?”

Ya ce ai duk ɗaya ne. Ta ce ta ji, amma ya zaɓa. Nomau ya sake taka shi, wannan karon da dukkan nauyinsa na dillalin shanu. Labaran ya cije, ya ce in gaskiya take so, muryar ya fara so, kuma tun ranar da ya zame daga kan buhu ya ɗaukar wa kansa alkawari mai muryar nan ita ce matarsa, in ba a nan ba, a can.

“Ita ta kaset ɗin fa?”

“Ko sadaka aka ba ni ita, sai in ce a kai gaba.”

Hajiya Yelwa ta sauke tire ƙasa a hankali. Ta gyara mayafi, ta yi gyaran murya, ta buga tafi ɗaya a cinya, ta ɗauko waƙar daga farko. Murya tsaye kyam, da sauri, tana datse baiti kamar mai yankan kuɓewa. Shekaru sun ɗan sa mata kauri, amma ba su taɓa komai ba.

A yi wa Alhaji Labaran adalci, kunnen nasa ba na ƙarya ba ne. Kafin ta kai “ya juya” ya riga ya gane. Ya dubi rediyon, ya dube ta, ya sake duban rediyon. Hular da ya ture baya ta ƙarasa faɗuwa, bai ɗauka ba.

Da ta kai ƙarshe ta ɗauki tirenta, ta yi masa bayani ba tare da ɗaga murya ba. Mahaifinta malami ne. Da ’yan wasan suka zo roƙonsa, ya yarda ta fito a wasan saboda yana koyar da haƙuri, ya yarda a ɗauki hoto, amma ya ce waƙa kam a’a, gidansu ba maroƙa ba ne, ’yarsa ba za ta buɗe murya a gaban maza ba. Sai aka yi dabara. Ita ta tsaya da fitila tana motsa baki, waƙar kuwa daga bayan labule take fitowa, shi ya sa aka zaɓi baƙi mai kauri. Da aka zo yin faifai, muryar bayan labule aka ɗauka, hoton gaban labule aka manna. Ita ba ta samu ta rera waƙar da bakinta ba sai bayan ta yi aure. Direban jirgi ta aura, shi ya bar ta ta je gidan rediyo, da sharaɗin kada a ambaci sunanta.

Ta ce, “Rabin rayuwata jiran jirgi na yi, Alhaji. Macen da ke jiran namiji ba ta da lokacin jan murya. Tuwo na kan wuta, yaro na kuka, ga haushi ya cika mata ciki. Yadda ka ji na rera, haka abin yake.”

Ta bar masa fili. Kuma fili ne na gaske, don har lokacin ba ta yanke ba. Mai hankali a nan zai ɗauki hularsa, ya ce Hajiya na yi wauta, ki yafe ni, sake rera mini in ji da sabon kunne. Da ya faɗi haka, da an sha biki. Nomau ma ya matso yana raɗa masa, da muryar nan tasa da raɗarta ake ji a zaure, yana cewa ya ba ta haƙuri su tashi.

Amma Alhaji Labaran hankalinsa na kan faifai. Ya ce, a sanyaye, to wannan kukan na baitin ƙarshe fa?

Ta ce, “Ba kuka ba ne. Girma ne ya fara kama mai waƙar.”

Ya gyaɗa kai, wai ya fahimta. Allah sarki, ’yar budurwa, girma ya zo, so ya zo. Idonsa ya sake kawo ruwa. Ya ɗan matso gaba a kan tabarma, ya rage murya.

“Hajiya, ita ta bayan labulen, tana da rai?”

A daidai nan mai kemis ya samu matar aure, yana can shagonsa yana ƙirga ƙwayoyi bai sani ba. Hajiya Yelwa ta daɗe tana kallon Alhaji Labaran, irin kallon da ta yi wa yadinsa ranar farko.

Ta ce, “Da rai, da lafiya, har da ƙiba.”

Nomau ya miƙe, ya ce shi kam alwalarsa ta karye. Labaran ya jawo shi ya zaunar ba tare da ya ko kalle shi ba.

“Tana da aure?”

Hajiya Yelwa ta tsinke reshen zogale na ƙarshe, ta jefar da karan.

“Tana da shi, mata uku gare ta. Ga ta nan kusa da kai tana shafa gemu.”